Albasar da Ke Barcin Rani

Shekarun baya, tun ina amarya a Ƙofar Atiku, kafin gwiwoyin nan su fara yi mini gardama, an taɓa ba ni amanar wata tukunya. Ku da kuke shigowa gidan nan da rani kuna tambayata me na ajiye a tukwanen da ke jere gindin katanga, busasshiyar ƙasa kawai ba ko tsiro, yau zan ba ku labarin tun daga tushe. Sai dai ku yi haƙuri da ni, kun san ba na bin hanya ban ɗan ratse ba.

An kawo ni gidan mijina ana tsakiyar damina. Shi baduku ne, da safe yake fita rumfarsu ta ɗinkin fata, ba ya dawowa sai la'asar. Gida ya yi shiru, ni kuwa Allah bai yi ni da son shiru ba. Abin da ya cece ni wata 'yar ƙofa ce a katangar da ta raba mu da maƙwabta, wadda mata ke bi ba sai sun fita waje ba. A wancan gidan akwai wata tsohuwa, uwar maigidan, kowa Inna yake ce mata. Kwana uku da zuwana ta leƙo ta ce, "Amarya, ɗauko mazarinki ki taho. Kaɗi ba hira ciwon baya na." Tun daga ranar, in na gama aikin gida sai in ɗauki auduga in bi ta 'yar ƙofar nan.

Inna ba haifaffiyar Sakkwato ba ce. Tana 'yar ƙarama aka kawo ta daga kudu, can hayin Kwara, kuma yadda aka kawo ta ba abin da ake tambaya ba ne, kowa ya sani. Lokacin da na san ta ta daɗe da zama mai kanta, ga 'ya'ya ga jikoki. Hausa a bakinta ta fi tawa daɗi. Amma ni kunnena ba ya barin abu ya wuce, nakan ji wani ɗan lanƙwasa a ƙarshen maganarta wanda ba namu ba.

A gindin cediyar da muke zama akwai wata tsohuwar randa mai ɓulallen gindi, cike da ƙasa. Ganye ya fito a ciki kashi uku, faffaɗa, kore shar, gindin kowanne da ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Rannan na ce mata, "Inna, wanga mi na?"

Ta ce, "Baƙona na. Mutanenku albasar kwaɗi suka ce ma duk abin da yay yi kama da shi, amma ba irin na fadamarku na ba."

Ta ce wani falke ne mai zuwa sayen goro ya sauka a zauren ɗanta shekaru da yawa, ya tono ƙwaya ɗaya a hanya yana zaton magani ne. Da aka shigo da kayansa ta gan ta, sai da ta nemi wuri ta zauna. "Ƙofar ɗakin uwata akwai shi," in ji ta. Duk zaman da muka yi da Inna, wannan kaɗai na taɓa ji ta faɗa game da uwarta. Ƙwaya ɗayan nan ce ta yi ta lallaɓawa har ta zama uku.

Na ce, "Ana ci?"

"Ki ci ki ga. Ko akuya ba ta maimaitawa."

"To magani na?"

"Ban sani ba."

"Ana rini da shi?"

"A'a."

"To Inna mi aka yi da shi?"

Ta ce, "Kallo." Ta ci gaba da murza mazarinta.

Na dubi ganyen nan, na sake dubawa. Ganye ne dai. Ta ce yana fure, amma na zo a makare, sai baɗi in da rai. A raina na ce tsufa ke nan.

Da aka fara girbin gero sai saƙo ya zo daga Wamakko cewa ɗiyar Inna ta haifi tagwaye, kuma jikin ba daɗi. Inna ta ɗaura kayanta. Randa ba ta hawa jaki, surukarta kuwa awaki gare ta masu shiga ko'ina, kuma ba ruwanta da abin da ba ya shiga miya. Sai aka ce ni. Ni da surukar muka ciccibi randar muka bi da ita ta 'yar ƙofa, muna nishi, Inna na biye tana cewa a hankali. Ita ta zaɓi wurin, inuwar katanga kusa da ɗakina.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, saurara da kyau. Arba'in kawai za ni yi in komo. Kada ki kai shi rana. In ganyen ya kwanta, ki ƙyale shi. Kada ki ba shi ruwa, kada ki tona, kada ki yi mashi komi, sai sama ta ba shi da kanta."

Na ce, "Haba Inna, ni za a gaya ma albasa? Cikin lambu anka haife ni."

Ta dube ni ta ce, "Shi na abin da nika tsoro."

Kun ga dai na ji maganar nan sarai, ga shi har yau ina maimaita ta kalma ba ta faɗi ba. Ji na ji. Yarda ce ban yi ba. Mahaifina manomin albasa ne a fadamar bakin gulbi, kakana ma haka. Mu a gidanmu, ɗaukewar ruwan sama shi ne farkon aikin albasa. Lokacin ake dashe, lokacin ake kafa jigo, a yi ta ɗibar ruwa safe da yamma. Albasar da aka hana ruwa da rani sunanta asara. Wannan na sani tun kafin in san hannun damana.

Kwana goma sha da tafiyarta ganye ya fara rawaya. Na ce ko baƙunta ce. Bayan kwana kaɗan kashi ɗaya ya langaɓe, sai na biyu, sai na uku, duk suka kwanta a bakin randa kamar an zuba musu ruwan zafi. Na tsaya a kansu ina kallo. A hannun Inna shekara da shekaru suna lafiya, a hannuna ko wata ba su yi ba.

Na tuna ta ce in ya kwanta in ƙyale shi. Amma sai na ce da kaina, ai kwanciya iri-iri ce. Wataƙila ita kwanciyar ƙoshi take nufi, wannan kuwa ta ƙishirwa ce. Kuma ita tana zaune gindin cediya, ƙasarta da sanyi, ni nawa gidan fayau yake. Haka na yi ta kawo wa kaina hujja har na ɗauki moɗa. Ranar farko moɗa ɗaya na zuba, ina waige kamar ɓarauniya. Da na ga ba abin da ya faru sai na koma ƙwarya. Na ƙara da kashin awaki da toka, yadda ake yi wa tamu. Ruwan da ya kamata in yi wanki da shi, shi nake juyewa a randa. Maigida ya ce, "Wai ke rijiya kika ginawa cikin tukunyag ga?" Na ce amana ce, ya bar ni.

Wajen mako uku ina wannan hidima, sai wata safiya na ji wari. Na zaci ɓera ne ya mutu, na share ɗaki, na ɗaga tabarmi, ashe daga randa ne. Na sa yatsa na tona gefe ɗaya, yatsan ya nutse cikin wani abu mai laushi kamar dafaffiyar kabewa. Ɗaya ta ruɓe. Na kwashe ta da taɓon da ke kewaye da ita, na cike gurbin da busasshen rairayi, na zauna bakin ƙofa na rasa ko kuka zan yi. Saura biyu.

To yanzu me? Na ba da ruwa ta mutu. In hana ruwa kuma, a sanina, mutuwa ce. Na aika gidanmu a ce wa mahaifina in ya shigo birni ya biyo.

Ran kasuwa ya zo, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Shi Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya tsuguna gaban randa, ya ja busasshen ganyen ya murza a tafin hannu, ya sunsuna.

Ya ce, "Uwata, kin ba ni kunya. Albasa in ta kwanta mi aka yi mata?"

Na ce, "Cirewa."

"To? Ta nuna, ke kuma kina ta ɗura mata ruwa. Wa yak koya maki haka?"

"Baba, mai abun ta ce kada a tona."

"Mai abun ta taɓa noma kunya ɗaya ta albasa?"

Na ce ban sani ba. Ya riga ya sa hannu. Ya zaro ɗaya, fara sol, da saiwoyi masu kauri kamar yatsun jariri. Ya juya ta, ya ƙwarzane ta da farce, ya kai wajen baki. Na riƙe hannunsa na ce guba ce. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin albasar da ta gagare shi ba, amma dai ya fasa. Ya ce zai tafi da ita lambu ya dasa cikin albasar iri, wadda ake mayarwa ƙasa don ta yi fure, kafin mai ita ta dawo zai kawo mini ita da 'ya'yanta. Ya miƙa hannu zai zaro ta ƙarshen.

Ban san abin da ya taɓa ni ba, na ce, "Baba bar mani wagga. Ko gawa ta, in samu abin nuna mata."

Ya ce, "Ke kis sani." Ya jefa tasa a aljihun taguwa ya tafi.

Na ɗan sami kwanciyar hankali, don ban taɓa jin an ce mahaifina ya yi kuskure a kan albasa ba. Mutane daga wasu ƙauyuka suke zuwa tambayarsa. Ba a yi wata ba ya aiko matar ƙanensa ta gaya mini cewa abin nan ba albasa ba ce, ko ma mece ce ba ta da tarbiyya. Duk 'yan'uwanta na kunyar sun tsiro, ita ta narke a ƙasa. Saura ɗaya, ita ma ban san ko da rai ba.

Arba'in ɗin Inna ya cika ya wuce ba ta dawo ba, jikin ɗiyar ya ƙi daɗi. Amma duk matar da ta shigo birni daga Wamakko da tallan nono ko itace, sai ta yi sallama a gidanmu ta ce, "Tsohuwa na gaishe ki, ta ce ya baƙonta?" Ni kuma in ce, "Ki ce mata lahiya lau, yana barci." Allah Ya yafe mini. Barci na ce don ban iya cewa mutuwa ba.

Ana cikin haka yayar maigida ta zo mana kwana biyu. Mace ce mai ido, ba abin da ke wuce ta. Ta ga randa a ƙofar ɗakina, ƙasa ba shuka, ta ga kuma yadda nake zagaya ta ina leƙe. Ta ce, "Amarya, mi kib binne nan?"

Na gaya mata gaskiya. Tana jin an ce albasa ce da ba a ci, daga kudu, kuma tsohuwa na kiranta baƙo, sai ta ja da baya ta riƙe haɓa.

"Gaɗali na," in ji ta. "Wallahi gaɗali na. Irin wanda aka shukawa don mallake miji ko tara dukiya. Nono aka ba shi, ana gaishe shi da sahe. Kin ba shi nono?"

Na ce, "Yaya, ruwa ma da nib ba shi mutuwa yay yi."

"To shi na. Ya yi hushi. Ba ruwa shika so ba."

Kun ji fa. Inna ta ce kada a ba shi komai, Baba ya ce a cire, Yaya ta ce nono yake so. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya da ƙwaryar nono a hannu ina kallon randar nan. Tsoron Allah ne ya hana ni, da kuma tunanin warin da zai yi.

Yaya ba ta tsaya nan ba, ta kai wa ƙanenta. A lokacin nan kuwa maganar tsafi ba abin wasa ba ce a birnin nan. Kullum malamai na wa'azi a kai, kuma baduku da aka ce matarsa na ajiye gaɗali, wa zai kawo masa layarsa ya ɗinke? Maigida ya shigo fuska ba walwala. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne, ya ce dai gobe za a kira Malama ta duba. Malama ita ce dattijuwar da ke bi gida-gida tana koya wa matan unguwa tsarki da salla.

Ta zo da hantsi, ta zauna a tabarma, ta sa aka kawo ta gaban randa. Ta daɗe tana kallon busasshiyar ƙasa. Sannan ta ce mini, "Kina roƙonshi wani abu?"

"A'a, Malama."

"Mai shi na roƙonshi?"

"Ban taɓa ji ba. Kuma da ta yi da na ji."

"Ana yi mashi yanka?"

"A'a."

"To mi aka yi da shi?"

Na ce, "Wai kallo."

Ta sake duban randar ta ce, "Mi aka kallo nan?"

Na ce ni ma abin da ban gane ba ke nan. Malama ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta ce wa Yaya, ciyawa ce cikin ciyayin Allah, wanda bai roƙe ta ba bai yi laifi ba, kuma zargin tsohuwa musulma da abin da ba a gani ba ya fi ajiye tukunyar ƙasa nauyi. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma amana anka ba ki. Kin yi yadda mai ita tac ce?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Duk da haka maigida ya ce a ɗauke randar daga idon mutane, don ba kowa za a kira wa Malama ba. Muka tura ta bayan rumbu, wani lungu tsakanin rumbu da katanga inda rana ba ta leƙawa, na jefa wata tsohuwar tabarma a kai. Tun daga ranar ban sake zuwa wurin ba. Kada ku ce hankali na yi. Kunya ce da fid da rai. In zan ɗebo gero sai in kau da kai, kamar mai wuce ƙofar wanda ta yi wa laifi.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, irin wanda ko kaza ba ta son motsi. Sai ga saƙo cewa ɗiyar Inna ta warware, tsohuwa za ta dawo da faɗuwar ruwan fari. A nan ne na yi abin da ya fi duka muni. Na aika wa mahaifina ya tono mini albasar kwaɗi irin ta fadama, wadda ke fitowa bakin ruwa. Na ce ai ganye ganye ne, idon tsohuwa kuma ya fara rauni. Ya aiko da manya guda uku. Na sami wata randa mai kama da waccan, na ɓula gindinta, na dasa su, na yi ta ba su ruwa. Su kam ba su yi mini gardama ba, nan da nan suka fito zara-zara. Har na fara jin daɗi. Na ce ashe hannuna lafiyarsa lau.

Aka yi ruwan fari ranar wata Laraba, aka ƙara bayan kwana huɗu. Kwana biyu da na biyun, ina tankaɗe da hantsi, na ji muryarta a wancan gidan tana amsa barka da zuwa. Ko ruwa ban ji ta tsaya sha ba, sai ga ta ta sunkuyo ta 'yar ƙofa. Ta rame, amma ita ce.

Muka gaisa, na tambayi masu jego, na tambayi tagwaye, na tambayi hanya, na tambayi jakin da ya kawo ta. Duk wanda zan iya tambaya a Wamakko sai da na tambaya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ina baƙona?"

Na nuna mata sabuwar randa. Ta matsa, ta tsaya. Ko taɓa ganyen ba ta yi ba.

Ta ce, "Sun yi kyau. Na wa na?"

Na ce, "Inna..."

"Nawa ba ya farawa da ganye, ɗiyata. Ina randata?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na kwashe duka na gaya mata, ruwan, tokar, Baba, Yaya, Malama, da ƙaryar da na yi ta aika mata. Ina magana tana kallon ƙasa. Da na zo kan ta biyun da ta narke a lambu na ji numfashinta ya canza, ɗan kaɗan, wanda ba mai kunne ba ba zai ji ba.

Ta ce, "Ta ukun fa?"

"Tana bayan rumbu. Wata huɗu ban ko leƙa ta ba."

"Ba ki ba ta ruwa ba?"

"Ko ɗigo."

"Ba ki tona ba?"

"Inna, ko kallonta ban yi ba."

Ta ce, "Mu tahi."

Ina gaba tana biye. Tabarmar nan ta jiƙe da ruwan da ya zubo daga rufin rumbu, kuma na ga ta yi wani tudu a tsakiya. Na zaci kaza ce ta shiga ta yi ƙwai. Na ɗaga. Wani kara ne guda ɗaya, kauri kamar babban yatsa, da ɗige-ɗigen nan a gindi, ya fito daga busasshiyar ƙasar ba ganye ko ɗaya. Nauyin tabarma ya sa ya karkace wuya. A kansa wani dunƙule kamar hannun jariri a rufe, bakinsa ya ɗan tsage, ja yana leƙowa.

Inna ta durƙusa a taɓon nan da zanenta na tafiya. Ta sa yatsa biyu ta tallafi wuyan karan. Sai na ji ta yi magana, a hankali, da wani harshe da ban taɓa ji a bakinta ba. Gajeruwar magana ce, ba ta fi a faɗe ta da numfashi ɗaya ba. A nan na gane daga ina ɗan lanƙwasan nan na ƙarshen Hausarta ya fito.

Ni dai ina tsaye da tabarma a hannu, na kasa gane komai. Wadda na yi wa hidima ta mutu. Wadda gwanin albasa ya ɗauka ta mutu. Wadda na yasar kamar tsumma ita ce ga ta nan.

Ta ce kada a motsa randar sai ya gama. Bayan kwana uku ya buɗe. Ku da kuka gani kun sani, wanda bai gani ba kuwa ban san yadda zan kwatanta masa ba. Dunƙule ne ja wur, girman ƙoƙon fura, kamar an tattara zaren alharini ja an soka a ƙwallo ta kowane gefe, kan kowane zare da ɗan ɗigon rawaya. Matan unguwa suka yi ta shigowa bayan rumbunmu ɗaya bayan ɗaya. Malama ta zo ta ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi shi, ta ce yanzu ta ga abin da ake kallo. Mahaifina ya zo, ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "To iri fa, ina shika zuba shi?" Da aka ce kwana goma zai yi ya bushe sai baɗi, ya ce shi dai har yanzu bai ga riba ba. Yaya ma ta zo, amma daga nesa ta tsaya.

Da furen ya faɗi ganye ya fito, na ce wa Inna a mayar mata da randarta. Ta ce a bar ta nan, wurin ya karɓe ta, ita za ta riƙa zuwa. Na ce, "Bayan abin da niy yi?" Ta ce, "Ke kaɗai ta cikin unguwag ga kin riga kin san abin da ka kashe shi. In na ba wata sai ta faro daga farko."

Damina shida ta ƙara gani tana bi ta 'yar ƙofar nan, kafin Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙanta. Duk tukwanen da kuke gani a gindin katanga 'ya'ya ne da jikokin ƙwaya ɗayan nan.

Mutane kan ce in faɗi abin da na koya, ni kuwa har yau ban gama warware shi ba. Ban san ko na riƙe amanar nan ko ban riƙe ba. Abin da aka ce in yi, wato in ƙyale, na yi shi daga ƙarshe, amma ba don biyayya ba, don na fid da rai ne. Da ina da sauran ƙwarin gwiwa ko kaɗan da na kashe ta ukun ma da hidima. Na dai lura tun daga lokacin, in ɗiyata ta zo gida ta yi shiru, ko maigida ya shigo ba ya son magana, nakan ji bakina na ƙaiƙayi kamar yadda hannuna ke ƙaiƙayin moɗa, sai in tashi in nemi abin yi a madafa. Ba kullum nake iyawa ba. Kuma duk rani, in na ga ƙasar tukwanen nan ta tsattsage, sai zuciyata ta ce wannan karon kam da gaske sun mutu. Shekara nawa ke nan, ban daina ba.

Maganar nan kuwa da ta yi a bayan rumbu, ban taɓa tambayarta ma'anarta ba. Da farko kunya ta hana ni, daga baya na ga kamar ba tawa ba ce. Amma tana nan a kunnena yadda ta fito, da hawanta da saukarta. Duk shekara in kan farko ya tsage ja ya leƙo, sai in ji ta. Wata shekarar in ce sannu da zuwa take yi masa. Wata shekarar in ce uwarta take kira. Wata shekarar kuma in ce ƙarata take kai masa, tana cewa ka ga yarinyar da ta kashe maka 'yan'uwa biyu. Ko wanne ne, nakan durƙusa in tallafi wuyan da yatsa biyu yadda na ga ta yi, in ce, "Na ji, Inna."